Shirin jarrabawar CCNA da Security+, da yadda ake gane masu tallar tambayoyin sata

Ranar da na yanke shawarar zana jarrabawar CCNA, wadda ke ba da satifiket a kan ilimin sadarwar kwamfuta, kafin in sayi littafi ko in buɗe bidiyon kowa, sai da na shiga shafin kamfanin Cisco na sauke jadawalin batutuwan jarrabawar, na buga shi a takarda, na liƙa a bango daidai inda nake zama. 'Yan shafuka ne, kyauta kuma ake bayarwa, amma duk abin da na yi a makonni goma sha shida da suka biyo baya da wannan takardar na auna shi. Da ita na san abin da zan karanta da wanda zan tsallake, da ita kuma daga baya na riƙa gane maƙaryata a zaurukan karatu na intanet.

Lambar jarrabawar 200-301. Ta fara aiki a watan Fabrairu na 2020, aka sabunta ta zuwa siga ta 1.1 a watan Agusta na 2024, kuma minti 120 ake bayarwa. Sassa shida gare ta, kowanne da nauyinsa. Tushen ilimin sadarwar kwamfuta kashi 20 cikin ɗari ne, suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutocin netwok ɗaya) da VLAN (raba suwic zuwa ƙananan netwok) da sadarwa mara waya kashi 20, yadda rauta (na'urar da ke kai saƙo daga wani netwok zuwa wani) ke zaɓen hanya kashi 25, hidimomi irin su DHCP da NAT da NTP kashi 10, tsaro kashi 15, sai sarrafa na'urori ta hanyar shirye-shiryen kwamfuta kashi 10. Wanda ya dubi wannan rabo ya san inda zai zuba ƙarfinsa. Sashen rauta shi kaɗai rubu'in jarrabawar ne.

Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne kalmar da kowane layi na jadawalin ya fara da ita. Layin da ya fara da describe ko explain, fahimta ake nema, ka iya bayani ka bambance abu da ɗan'uwansa. Wanda ya fara da configure and verify kuwa, hannu ake so ka sa: ka rubuta umarnin da kanka, ka kuma san umarnin da zai nuna maka ko abin ya zauna. Na ɗauki jan biro na ja layi a ƙarƙashin duk inda configure ya fito, su ne suka zama jerin atisayen da zan yi. A ranakun aiki awa ɗaya da rabi nake ba karatun: minti ashirin na bitar katuna, minti talatin na sabon darasi, minti arba'in na atisaye a kwamfuta. Ƙarshen mako awa huɗu. Littafi ɗaya da jerin bidiyo ɗaya na riƙe har ƙarshe, domin tara malamai biyar a kan batu ɗaya cin lokaci ne kawai, kowa da inda ya faro.

Rarraba adireshin IP, wato sabnetin, shi ne abin da bai kamata a wuce shi da gaggawa ba, don yana ɓoye cikin tambayoyin da ba su ambace shi ba. Hanyar da ta zauna mini ita ce ta tazara. A ce an ba ka 192.168.10.77/26. Alamar /26 na nufin maski ɗin, wato lambar da ke nuna girman sabnet, 255.255.255.192 ne. Cire 192 daga 256, saura 64, ita ce tazarar. Ke nan sabnet-sabnet suna farawa daga 0, 64, 128, 192. Lamba 77 ta faɗa tsakanin 64 da 128, saboda haka adireshin netwok ɗin 192.168.10.64, na burodkas 192.168.10.127, waɗanda za a iya ba na'urori kuwa daga 65 zuwa 126, guda 62. Idan lissafin ya koma gida na uku, wato lamba ta uku daga hagu a adireshin, a nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Dubi 172.16.45.200/20: maski 255.255.240.0, tazara 16 a gida na uku, 45 na tsakanin 32 da 48, netwok ɗin 172.16.32.0, burodkas 172.16.47.255, na'urori 4094. Lambar 200 da ke ƙarshe ba ta da tasiri a kan gano netwok ɗin ko kaɗan, amma ido kan so ya tafi wajenta. Tambaya goma nake yi kowace safiya, ina duba agogo, har sai da kowace ɗaya ta koma ƙasa da daƙiƙa talatin ba tare da na rubuta lambobin binari ba. Ya ɗauke ni makonni uku.

Atisayen hannu da Packet Tracer na yi shi, manhajar da ake samu kyauta idan an yi rajista da Cisco Networking Academy. Kwaikwayo take yi, ba ainihin tsarin rauta ba ne a cikinta, don haka akwai umarnin da ba ta sani ba, amma ta ishi yawancin abin da CCNA ke nema. Mai kwamfuta mai ƙarfi na iya ƙarawa da GNS3 ko EVE-NG.

Gini ɗaya na yi ta maimaitawa: suwic uku a jere, rauta biyu, kwamfuta huɗu, VLAN 10 da VLAN 20, rauta ɗaya tana haɗa VLAN ɗin biyu ta kebul guda. A cikin wannan ɗan ginin kusan duk kurakuran da ake yi suna fitowa. Ƙofar rauta a rufe take zuwa, sai an rubuta no shutdown. Idan show ip interface brief ya nuna administratively down, to wannan ne. Idan suwic na tsakiya bai da wata kwamfuta a jikinsa, sai tiranki, wato layi mai ɗauke da VLAN da yawa, dama da hagu, VLAN 20 ba za ta ƙirƙiri kanta a cikinsa ba, kuma duk saƙon wannan VLAN ɗin a nan zai mutu alhali suwic na farko da na ƙarshe lafiyarsu ƙalau. Umarnin show vlan brief a kan na tsakiyar ne ke tona wannan. Akwai kuma wanda ya fi su ciwo a wurin aiki na gaske: mutum yana son ƙara VLAN 30 a kan tiranki, sai ya rubuta switchport trunk allowed vlan 30 ya manta kalmar add. Nan take 10 da 20 sun fita daga jerin, ya rage 30 kaɗai. Sau ɗaya mutum zai ga wannan da idonsa a show interfaces trunk, ba zai sake mantawa ba.

OSPF, tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi da shi, na da nasa halin. Rauta biyu ba za su zama maƙwabta ba idan lambar yanki ta bambanta, ko sabnet ɗin ƙofofinsu bai zo ɗaya ba, ko lokutan hello da dead sun saɓa, waɗanda a Ethernet daƙiƙa 10 da 40 ne tun asali, ko kuma su biyun suna da lambar shaida iri ɗaya. Idan show ip ospf neighbor ya nuna sun maƙale a EXSTART, MTU, wato iyakar girman saƙon da ƙofa ke ɗauka, za a fara dubawa. Idan kuma 2WAY ya nuna tsakanin rauta biyu da ba DR (jagoran rautocin netwok ɗin) ba ne ba kuma BDR (mataimakinsa) ba, babu matsala, haka abin yake. Wajen zaɓen hanya, kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka lambar amincin hanya, wato 1 ga wadda aka rubuta da hannu, 90 ga EIGRP, 110 ga OSPF, 120 ga RIP, ita ake fara dubawa. A'a. Idan saƙo ya iso, hanyar da maski ɗinta ya fi tsawo ita ke cinyewa, ko da daga RIP ta zo. Waccan lambar tana aiki ne kawai idan hanyoyi biyu suna takara a kan netwok ɗaya da maski ɗaya. ACL kuwa, wato jerin dokokin da ke bari ko hana saƙo wucewa, daga sama zuwa ƙasa ake karanta shi, layin farko da ya dace shi ke yanke hukunci, kuma a ƙarshensa akwai layin hani da ba a gani, mai tare duk abin da ba a ba izini ba.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce lalata abin da na gina. In gama gini yana aiki, in adana kwafi, in canza abu uku da gangan, in rufe fayil ɗin in bar shi kwana biyu ko uku har in manta abin da na taɓa, sannan in dawo in nemo matsalar da umarnin show kaɗai, ba tare da na leƙa dukan tsarin na'urar ba. Ginawa kowa na iya bin bidiyo ya yi. Gano inda ya ɓaci shi ne aikin.

Abubuwan hadda, irin su lambobin tashoshi, 22 na SSH, 53 na DNS, 67 da 68 na DHCP, 123 na NTP, 161 na SNMP, 443 na HTTPS, 514 na Syslog, a manhajar Anki na zuba su. Ita ke tsara ranar da kati zai dawo maka, wanda ka iya ya yi nisa, wanda ka manta ya dawo gobe. Katunan da na rubuta da kaina sun fi zama a kaina fiye da waɗanda na sauke, kuma ban wuce sababbi goma sha biyar a rana ba, domin kowane sabon kati bashi ne da za a biya nan gaba.

A mako na goma sha biyu na fara jarrabawar gwaji. Ta halal ita ce wadda marubutanta suka ƙirƙiri tambayoyinsu bisa jadawalin, suka kuma yi bayanin dalilin da ya sa kowace amsa ta zama daidai ko kuskure. Duk tambayar da na faɗi sai in rubuta ta a littafi da dalili ɗaya cikin uku: ban san abin ba, ko ban karanta tambayar da kyau ba, ko na cakuɗa abu biyu masu kama. Maganin kowanne daban. Makin zama na farko kaɗai nake ƙirgawa. Wanda ya maimaita gwaji ɗaya sau huɗu ya samu kashi 95, amsoshin ya haddace, ba ilimin ba. Sai da na riƙa samun kashi 85 a gwajin da ban taɓa gani ba sannan na ɗauki rana.

A daidai wannan gaɓar, lokacin da gajiya ta fara kama mutum kuma ranar jarrabawa ta matso, 'yan damfara ke samun shiga. Zaurukan karatu, na Facebook ne ko Telegram ko Reddit ko Discord, suna da amfani sosai, a nan za ka liƙa hoton matsalarka wani ya nuna maka layin da ka manta. Amma duk inda masu shirin jarrabawa suka taru, masu tallar abin da ake kira damps suna nan. Damps tambayoyin ainihin jarrabawa ne da aka sato, ko dai an ɗauki hotonsu ko an haddace an fito da su, ana sayarwa.

Saƙonsu na da siffa guda, in ka ga uku ka ga sauran. Wani zai rubuta cewa yau ya ci jarrabawa da maki kaza, dukan tambayoyin daga fayil ɗin wane suka fito, a neme shi ta lamba kaza ko a danna nan. Cikin minti kaɗan sai wasu biyu ko uku su biyo da godiya, su ma wai sun ci. A nan takardar bangon nan take aiki. Na ga wanda ya ce ya samu 950 a Security+, jarrabawar tsaron kwamfuta ta kamfanin CompTIA, alhali makin CompTIA daga 100 zuwa 900 yake, ana cin Security+ da 750, Network+ da 720. Na ga mai tallar sababbin tambayoyin CCNA 200-125, jarrabawar da aka yi wa ritaya tun Fabrairun 2020, da mai tallar SY0-601 bayan an rufe ta a ƙarshen Yulin 2024, SY0-701 ta gaje ta. Akwai masu rantsuwa cewa sun san ainihin makin da ake cin CCNA da shi, alhali kamfanin Cisco ba ya bayyana shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma waɗannan mutanen ba su taɓa zama jarrabawar ba, saƙo ɗaya suke da shi, lambar kawai suke canzawa.

Bayan wannan sai in dubi asusun kansa. Yaushe aka buɗe shi, me ya rubuta kafin yau? Mai karatu na gaske yana da tarihi: ya taɓa tambaya a kan STP, ya taɓa yin kuskure an gyara masa, ya taɓa taimakon wani. Asusun talla kuwa ko dai jiya aka buɗe shi, ko ya shekara shiru sannan ya farka da saƙo goma a rana ɗaya, yau ya ci CCNA, jiya ya ci ta Amazon, shekaranjiya ta Microsoft. Masu godiyar da suka biyo bayansa, in ka duba, a mako ɗaya aka buɗe su duka. Sai in kwafi jimla guda daga saƙon, in sa ta tsakanin alamun zance a injin bincike. Sau da yawa za ta fito a wurare da dama, kalma da kalma, da sunaye daban-daban. Wanda ya ci jarrabawa da gumin goshinsa, in ya zo ba da labari, za ka ji ya ambaci littafin da ya karanta, tsawon lokacin da ya ɗauka, da sashen da ya ba shi wahala. Na talla ba ya da sashen da ya ba shi wahala.

Akwai wani nau'in da ba kai yake nema ba, injin bincike yake yi wa. Shi ne mai tono tattaunawar da aka rufe shekara biyar da suka wuce, ya rubuta yabo maras kai, irin su bayani mai kyau, na ƙaru sosai, sannan ya saka mahaɗi. Burinsa shafinsa ya samu mahaɗai da yawa daga wurare masu mutunci don ya hau sama a sakamakon bincike. Tun 2005 aka fito da alamar nofollow, mai gaya wa injin bincike kada ya ƙirga mahaɗin, don rage ribar wannan sana'ar, Google ya ƙara da makamanciyarta ugc a 2019, amma ba su daina ba, don aika saƙo dubu ba ya cin su komai. Masu wayon cikinsu sukan ɓoye mahaɗin a cikin aya ko waƙafi, ko su rubuta amsa mai tsabta yau, bayan mako guda su dawo su gyara ta su cusa mahaɗin lokacin da ba mai kallo. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke rubuta musu, Turancin ya gyaru, amma alamar tana nan: amsa doguwa mai santsi wadda ba ta taɓa ainihin matsalar da aka tambaya ba. An liƙa hoton OSPF ya maƙale, shi kuma yana bayanin muhimmancin satifiket a rayuwar ma'aikaci.

Kafin in danna kowane mahaɗi, a kwamfuta nakan ɗora kibiyar linzami a kansa in karanta ainihin adireshin a ƙasan allo, a waya kuma in danne shi in riƙe. Adireshi daga dama ake karanta shi: abin da ke gab da sandar farko mai karkata (/) bayan an wuce https:// shi ne mai gidan. Idan ka ga cisco.com.jarrabawa.example, mai gidan jarrabawa.example ne, sunan Cisco ado ne aka rataya a gaba. Alamar kwaɗo a gefen adireshi tana nufin hanyar a rufe take daga masu leƙe, ba ta ce mai shafin mutumin kirki ba ne. Binciken WHOIS na nuna ranar da aka yi rajistar sunan shafi, kuma shafin da ke cewa ya shekara goma yana taimakon ɗalibai amma watansa biyu da rajista ya gama ba da amsa. Fayil ma haka. Windows na ɓoye ƙarshen sunan fayil tun asali, sai a kunna nuna shi, in ba haka ba abin da ka ɗauka PDF ne yana iya zama .pdf.exe. Fayil ɗin zip da aka sa wa kalmar sirri aka kuma rubuta kalmar a cikin saƙon, an yi haka ne don kada na'urar bincike ta ga cikinsa. Duk wanda ya ce sai ka sauke wata manhaja tasa ta musamman kafin tambayoyin su buɗe, ko ka kashe rigakafin bairos, ka bar shi nan. VirusTotal, shafin da ke binciken bairos a fayil, na taimakawa, amma rashin samun komai a can ba shaidar tsabta ba ne.

Mafi haɗari su ne masu bin mutum ta saƙon sirri. Ka rubuta a zaure cewa saura mako biyu ka zauna, cikin awa ɗaya wani ya same ka a gefe. Tayinsu iri uku ne. Na farko sojan gona: za su zana maka jarrabawar daga nesa, kai dai ka zauna gaban kyamara, su shiga kwamfutarka da manhajar sarrafawa daga nesa irin AnyDesk ko TeamViewer, wai sai ka ci za ka biya. Waɗannan manhajojin na halal ne, ma'aikatan gyara na amfani da su kullum, amma wanda ka ba shiga da su ya mallaki kwamfutarka, ga hoton katin shaidarka da kalmar sirrin asusunka a hannunsa, kuma ya riƙe sirrin da zai iya yi maka barazana da shi duk ranar da ya so ƙarin kuɗi. Na biyu satifiket ba jarrabawa, wai suna da mutum a ciki. Hoto ne za a haɗa maka, kuma duk ma'aikatar da ta duba ta Credly, shafin da ke ba da bajon satifiket na intanet, ko shafin tantancewa na kamfanin za ta ga babu shi. Na uku bauca, wato lambar da ake biyan kuɗin jarrabawa da ita, mai araha, rabin farashi ko ƙasa. Rangwame na gaskiya yana nan, ta makarantu, ta Networking Academy ga ɗaliban da suka cika sharaɗi, ta dillalan da kamfanin ya amince da su. Amma bauca na da yankin da take aiki da ranar ƙarewa, kuma wadda aka saya da katin banki na sata ana iya soke ta har da sakamakon wanda ya yi amfani da ita. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Game da damps ɗin kansu, ra'ayina a fili yake, kuma ba batun ɗa'a kaɗai ba ne. Kafin tambayar farko ta fito a allo, kowa sai ya amince da yarjejeniyar rufe sirrin jarrabawa, kuma Cisco da CompTIA duka suna da ikon soke sakamako, ƙwace satifiket, da hana mutum sake zama. Suna nazarin yadda aka amsa tambayoyi: wanda ya amsa doguwar tambaya cikin daƙiƙa biyar, ko ya zaɓi amsar kuskure iri ɗaya da wadda ke cikin fayil ɗin sata, ya bar sawu. Amsoshin fayilolin nan kuwa cike suke da kuskure, domin ɓarawon tambaya ya sato, amsar zato ya yi. Sannan ranar ganawar neman aiki za a ba ka rauta biyu a ce maƙwabtaka ta ƙi tashi, a zuba maka ido.

Idan na ga irin wannan saƙon a zaure, ba na amsa masa, domin amsa na ɗaga shi sama, kuma wanda ya kwafo saƙon don ya yi gargaɗi ya sake yaɗa mahaɗin. Rahoto nake kaiwa ga masu kula da zauren. Zaurukan da suka fi tsabta su ne waɗanda ke hana sabon asusu saka mahaɗi sai ya yi 'yan kwanaki, suke riƙe saƙon farko sai an duba, suke kulle tsofaffin tattaunawa, in sun kori asusu kuma su share duk abin da ya taɓa rubutawa. Sai dai a bambance. Sabon ɗalibi da ya shigo ya ce wa ke da damps, sau da yawa bai san haramtattu ba ne, ya ɗauka sunan tambayoyin gwaji ke nan. Wannan bayani yake buƙata da sunan hanyar halal, ba kora ba.

Rajistar jarrabawar ta kamfanin Pearson VUE ake yi, ta Cisco da ta CompTIA duka. Sunan da ke asusunka ya zo daidai da na katin shaidarka, harafi da harafi, kuma a gyara wannan tun da sauran makonni, don a ranar ba mai gyara maka. Akwai zaɓi biyu, cibiyar jarrabawa ko gida ta manhajar OnVUE. Na gida sai an gwada kwamfutar tun kafin ranar, da ita da intanet ɗin da za a yi amfani da su. Ana buɗe shiga minti talatin kafin lokaci, a ɗauki hoton fuska, na katin shaida, da na ɗakin. Tebur ya zama fayau, ba takarda, ba allo na biyu, ba mai shigowa, ba karatu da murya, ba fita daga idon kyamara. Wanda intanet ko wutarsa ke yankewa, ko ba shi da ɗakin da zai kulle awa biyu, cibiya ta fi masa. A can ya tafi da katin shaida biyu, ɗaya na hukuma mai hoto, za a ba shi allon rubutu mai gogewa. Da jarrabawar ta fara na rubuta jerin tazara a kan allon, 128, 64, 32, 16, 8, 4, da maski ɗin kowanne.

Bambanci ɗaya tsakanin kamfanonin biyu ya isa ya kayar da mutum. A CCNA ba a komawa baya. Ka danna gaba, tambayar ta tafi ke nan. Tambayoyin sukan kai wajen ɗari a minti 120, da 'yan atisayen hannu a cikinsu masu cin minti biyar zuwa goma, don haka duk tambayar zaɓi da ta wuce minti ɗaya da rabi, a cire amsoshin da ba su yiwuwa, a zaɓa, a wuce. A atisayen kuma a adana aikin da copy running-config startup-config idan an nema. Security+, wadda na zauna bayan watanni, tambaya 90 ce iyaka a minti 90, kuma ana iya sa wa tambaya alama a dawo mata. Tambayoyin aikin hannu a farko suke fitowa, su ne masu cinye lokaci, saboda haka na sa musu alama na tsallake, na gama na zaɓi, na dawo musu da sauran kusan minti talatin. A tambayoyinta a kula da kalmomin best da first da most: sau da yawa amsa biyu daidai ne, ana neman wadda ta fi dacewa da halin da aka bayyana. Sashen gudanar da tsaro na yau da kullum shi ne mafi nauyi a SY0-701, kashi 28.

Wanda bai ci ba, takardar sakamako na nuna masa inda ya yi rauni, da ita zai tsara bita. Cisco na sa a jira kwana biyar kafin a sake zama. CompTIA ba ta sa jira tsakanin zama na farko da na biyu, amma kafin na uku sai an yi kwana 14, kuma kowane zama da kuɗinsa.

Bayan an ci, imel na zuwa daga Credly don karɓar bajo. Shi ma ana kwaikwayonsa, musamman ga wanda ya sanar a fili cewa ya ci, don haka adireshin shafin na rubuta da hannuna na shiga, ban danna na cikin imel ba. Wasu kuma za su biyo ka a gefe suna roƙon ka tuna musu tambayoyin da ka gani. Abin da yarjejeniyar ta bari ka faɗa shi ne littafin da ka karanta, yawan atisayen da ka yi, da sashen jadawalin da ya kamata a ƙara wa lokaci. Satifiket ɗin biyu shekara uku suke yi. Ana sabunta CCNA da sake zama, ko cin wata jarrabawa ta gaba da ita, ko tara makin ci gaba da karatu 30, Security+ kuma 50 take nema. Na rubuta ranar ƙarewar kowanne a kalanda, na sa tunatarwa wata shida kafin ta zo.